Mai Faci Yana Kan Layi

Na dawo gida daga karatu ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, kuma abin da ya fara burge ni shi ne wani shirin rediyo na safe. Lambobin waya biyu gare shi. Layi na ɗaya na magoya bayan Injiniya ne, tsohon ministan ayyuka. Layi na biyu na masu son Lauya, ɗan takarar adawa. A ɗauki kira daga nan, a ɗauka daga can, ba a fifita kowa. A inda na yi karatu an koya mana cewa ƙasar da mutanenta ke gardama a fili tana da lafiya, don haka na riƙa yaba shirin duk inda na zauna. Shakka ta fara shiga ta ne ranar da na kai wa wata tela rigunana ta rage mini, na ga ta tsayar da keke tana sauraren rediyo kamar mai jiran sakamakon asibiti. Labarinta ne wannan, yadda ta ba ni shi guntu-guntu, tsakanin awo da karɓar ɗinki.

Tela kowa ke ce mata. Ciki da falo take zaune a bayan wani dogon bene, keken ɗinki a jikin taga, buhun ƙyallaye a ƙarƙashin tebur. A bakin ƙofa akwai kujerar roba, wurin zaman Inna ke nan, uwar mijinta, wadda yanar ido ta rufe mata gani, tunaninta kuma ya fara zuwa yana komawa.

Mijin Tela faci yake yi. Ya daɗe a bakin kasuwa da injin iskarsa da bahon ruwan da yake gano huji a ciki, rana tana dukan tsakar kansa, har aka zo aka gina gadar sama a daidai wurin. Tun daga ranar da inuwar gadar ta sauka a kan tayoyinsa ya zama na Injiniya.

"Shi Injiniyan ya san da kai kuwa?" Tela takan tsokane shi.

"Ke kin san wanda ya ƙera kekenki? Amma kullum kina shafa masa mai."

Da aka buɗe yaƙin neman zaɓe, ba ya taɓa taya da safe sai ya buga layi na ɗaya. Mai gabatar da shirin, wanda ake wa laƙabi da Alƙali, ya san lambarsa. Akwai masu sharhi biyu da ke zama tare da Alƙali kullum: Guduma yana kare Injiniya, Reza yana kare Lauya. Idan Reza ya ce Injiniya ya saya wa surukinsa otal da kuɗin hanya, sai Guduma ya ce takardar makarantar Lauya ta fi shi ƙuruciya. A yi dariya, a kira na gaba. Mai Faci kuwa da an ce yana kan layi, sai ya gyara murya kamar mai shirin huɗuba.

Wata rana Reza ya ce gadar bakin kasuwa ta tsage. Tela ba ta buƙatar Reza ya gaya mata. Ita ke wanke kayan mijinta, ta san yashin da take kaɗewa daga wuyan rigarsa ba na ƙasa ba ne. Ta san ya matsar da injinsa gefe saboda wani guntun siminti kamar dunƙulen hannu da ya faɗo cikin bahon.

"Maigida, ka tashi daga wurin nan."

"A wannan lokacin? Su ce har Mai Faci ya gudu? Bari a gama zaɓe, za a gyara. Na sani za a gyara."

Washegari ya buga layinsa. Tela na guga ta ji muryarsa ta cika ɗakin.

"Jama'a, Mai Faci ne daga ƙarƙashin gada. Ni nake wuni a nan, ko ƙura ba ta zubowa. Injiniya ba ya aikin banza. Ku kwantar da hankalinku, ina nan lafiya lau."

Ba a daɗe ba aka yi wani ruwa mai ƙarfi, gefen gadar ya rufto. An ciro shi da rai, ƙugu da ƙafa a murƙushe. Asibiti suka yi abin da za su iya suka sallame shi, ya dawo gida ya kwanta a kan katifarsa, a nan ya cika. Cikin jinyar bai zagi Injiniya ba, bai yabe shi ba. Abin da kawai ya roƙa shi ne a rage muryar rediyo.

Gwamnati ta ce mutum uku ne suka rasu a wurin. 'Yan adawa suka ce arba'in ne, an ɓoye sauran. Mai Faci ba ya cikin ukun, tunda a gida ya mutu. Cikin arba'in ɗin kuwa ba a taɓa kiran sunan kowa ba.

Da abin ya tsaya nan, da Tela ta haɗiye. To amma gadar ta zama babbar maganar zaɓen. Guduma ya ce lafiyarta ƙalau, wata babbar mota ce ta 'yan adawa ta dake ta da gangan, kuma yana da shaida. Shaidar ita ce muryar Mai Faci. Jam'iyyar Injiniya ta ɗauki kiran nan ta sa masa kiɗa a ƙasa ta mayar da shi talla. Safe, rana, yamma, kafin labarai da bayan labarai.

Ranar da aka fara sa tallar, Inna na shan shayi. Ta ajiye kofin a hankali.

"'Yar nan, ba ke kika ce ya rasu ba?"

"Inna, tsohuwar murya ce. Ɗauka suka yi tun yana da rai."

"Tsohuwar murya? Ni zan kasa gane muryar ɗana? Ga shi ya ce yana nan lafiya lau."

Inna na zaune a ɗakin lokacin da aka fita da shi, ta shafa fuskarsa da hannunta. Amma wancan sau ɗaya ya faru, rediyo kuwa kullum yana faɗa. Ta ja kujerarta ta ƙara matsawa bakin ƙofa. Ta ce a riƙa rufe masa abincinsa. Duk takun da ta ji a tsakar gida sai ta ɗaga kai. Da ta lalubo ta ji babu takalmansa a bayan ƙofa, sai ta juya wa Tela.

"Me kika yi masa? Yaron nan ba ya fushi haka kawai. Yana can yana magana da duniya, gidansa ne kawai ba ya zuwa."

Abin da Tela ke nema bai da yawa: rediyon da ya ce wa Inna ɗanta na raye, shi ya ce mata ya rasu, sau ɗaya, da bakin Alƙali, don tsohuwar ta bar bakin ƙofa. Ta je gidan rediyon, mai gadi ya ce talla ta jam'iyya ce, ta je ofishinsu. A ofishin aka ce mata wannan aikin kwamitin watsa labarai ne, kuma suna yawon kamfe. Ƙanenta, direban tasi ne mai hoton Lauya a gilashin motarsa, ya ce ta daina wahalar da ƙafarta.

"Yaya, ki buga layi na biyu. Wallahi da gudu za su ɗauka."

"Mijina bai taɓa buga layin nan ba."

"To ai ga inda ɗayan ya kai shi."

Da safe ta ɗauko wayar mijinta mai fasasshen gilashi, ta zaunar da Inna kusa da rediyo, ta shiga ɗaki ta buga layi na ɗaya. Ta sha jin mutane na kukan layin ba ya shiga. Nata bugu ɗaya aka ɗauka.

"Kai, kai, kai!" in ji Alƙali. "Jama'a, ga ɓatacce ya dawo. Mai Faci daga ƙarƙashin gada! Ina ka shige, mutumina?"

Ashe ba su ma sani ba.

"Ba shi ba ne. Matarsa ce. Allah ya yi masa rasuwa."

Alƙali ya fara salati, bai kai ƙarshe ba ta ci gaba.

"Gadar ce ta faɗo masa. Ina roƙon a daina sa..."

"Dakata, Hajiya, dakata," Guduma ya katse ta. "Alƙali, ka ga irin abin da nake faɗa? Har wayar bawan Allah sun saye. Mutum uku suka rasu, an san su, babu mai faci a ciki. Hajiya, nawa aka ba ki? Faɗi mu ji, ko mu ƙara miki."

"A'a, bar ta ta yi magana!" in ji Reza. "Ga ɗaya daga cikin arba'in ta fito, kuna rawar jiki."

Suka kaure. Alƙali ya ce a bi doka, wannan layin na magoya bayan Injiniya ne, mai ƙorafi ya bi ɗayan. Wayar ta yi ɗif. Da Tela ta fito falo, Inna na murmushi.

"Kin ji? Mutumin ya ce babu mai faci a ciki."

Kwana da kwanaki ba a yi wata magana a shirin ba sai ta Mai Faci: yana raye ko ya mutu? Wani ya bugo layi na ɗaya ya rantse ya gan shi a wani gari yana facinsa. Wata ta bugo layi na biyu ta ce a gabanta sojoji suka jefa gawarsa a mota. Masu kawo ɗinki suka rabu biyu. Wata maƙwabciya da ta zauna zaman makoki a ɗakin nan, ta ci ta sha, ta aiko 'yarta ta karɓe yadinta ba a ɗinka ba, wai ba ta hulɗa da masu sayar da miji.

Daga ƙarshe Tela ta karɓi wayar ƙanenta ta buga layi na biyu. Reza ya tarbe ta kamar 'yar'uwarsa ta jini.

"Uwata, share hawayenki. Ƙasa gaba ɗaya na saurarenki. Gaya musu yadda aka ɓoye gawar mijinki."

"Ba a ɓoye ba. A gida ya rasu, a kan katifarsa. Mu muka yi masa sutura."

"To, to. Amma dai kafin ya cika ya gane azzalumin da ya kashe shi, ko ba haka ba? Me ya ce game da Injiniya?"

"Bai ce komai ba. Shi dai ya san gadar ta tsage. Ya sani tun kafin ya bugo muku. Ni nake wanke..."

"Alƙali, ka ji da kunnenka!" Guduma ya yi tsalle a kai. "Ta ce mijinta maƙaryaci ne. Matar kirki za ta tona wa mamaci asiri a rediyo?"

"Tilasta shi aka yi," in ji Reza. "Uwata, faɗi, wa ya tilasta shi?"

"Babu wanda ya tilasta shi. Son mutumin yake yi. Ni abin da nake roƙo, surukata tsohuwa ce, tana jin muryar nan tana..."

"Layin ba shi da kyau," Reza ya faɗa a gajarce. Alƙali ya gode mata, ya ce lokaci ya yi da za a saurari saƙo daga masu ɗaukar nauyin shirin. Kiɗa ya tashi. Mai Faci ya ce yana nan lafiya lau.

Ƙanenta ya karɓi wayarsa ya juya ta a hannu. "Yaya, ke ma dai. Da kin ce ya tsine masa, ai da shi ke nan." Tun ranar bai sake shigowa ba, a bakin titi yake tsayawa ya yi hon.

Ranar da na je karɓar rigata ta ƙarshe saura kwanaki kaɗan a yi zaɓe. Tela na datse zare da haƙori, kwanon abinci a rufe a kan tebur, Inna a bakin ƙofa ta sa sabon mayafi. Aka sa tallar. Keken ya tsaya. Na lura ba Inna kaɗai ke saurare ba: leɓen Tela na motsi tare da maganar, har inda yake ɗan jan numfashi kafin ya ce "Injiniya" ta sani. Da kiɗan ya ƙare ta ci gaba da taka keke.

Na rage murya na tambaye ta me ya sa ba za ta kashe rediyon ba kawai, ta huta.

Ta ninke rigar, ta sa a leda, sannan ta amsa ba tare da ta dube ni ba.

"Na kashe sau ɗaya, Malama. Wuni ta yi ba ta ci abinci ba, wai na kore shi. Ki bar shi ya yi maganarsa. Ai da an gama zaɓe, ko wa ya ci, za su cire tallar da kansu. Ran nan zai sake mutuwa, kuma ni kaɗai zan gaya mata."