Injin da Husseina Ta Koya wa Cewa Sannu

Husseina ta Maamobi ba ta da yawan magana, amma in ka ɓata mata rai, to ka sani ta ajiye maka abinka, kuma a wurinta ba ya ruɓewa.

A shekarar 1988 ta shiga wata makarantar koyon kwamfuta kusa da Zongo Lane, ita kaɗai ce mace a ajin. Uwarta Amama mai sayar da waakye ce, wato dafa-dukan shinkafa da wake, a bakin titin Nima, kuma malamin, Masta Tajudeen, a wurinta yake karyawa kullum. Mutumin ya iya aikinsa, wannan ba a ƙwace masa, sai dai bakinsa ya fi barkono zafi. Da ya gaji da zagin ɗalibai da kansa, sai ya ɗora wa inji aikin. Ya rubuta wani shiri mai duba aikin ɗalibi: in ya ga kuskure ya yi ƙara, ya fito da sunanka da baƙar maganar da Masta ya tanadar maka. Inda ka kuskure kuwa, oho, ka je ka nema.

Ranar da abin ya faɗa kan Husseina, ga abin da ya fito: "Husseina, wannan kan ba na lissafi ba ne. A koma gindin tukunyar waakye." Aji ya fashe da dariya, Masta har da riƙe ciki. Ba ta yi kuka ba, amma ta ji zafin har cikin ƙashinta, don uwarta aka taɓa. Da aka tashi ta kwafi shirin a faifai, ta naɗe shi da tsohon mayafi, ta sa a ƙasan akwati.

Bayan shekaru ta buɗe nata ɗakin koyarwa a Kawukudi da inji uku, ta rubuta nata shirin. Cewa take yi, a Zongo in mutum ya yi tuntuɓe, ko ba ka san shi ba sannu kake ce masa, ka nuna masa dutsen. Haka injinta yake yi: "Sannu, Lamisi. Layi na arba'in ne ya kayar da ke, kin buɗe abu ba ki rufe ba. Saura duk daidai ne." Masu tsoron taɓa inji suka riƙa gama karatu a hannunta.

Ana nan, a 1997, sai ga Masta Tajudeen da furfurarsa. Makarantarsa ta rufe, sababbin injuna sun bar shi a baya. Bai gane ta ba.

"Madam, na zo koyon sabon abin nan ne."

Ta ba shi kujera. Kwana uku injin yana yi masa sannu. A na huɗu ya ja tsaki, ya ce, "Wannan lallashi ɓata ɗalibi yake yi. Zamaninmu kam, sai inji ya zage ka tukuna kanka ya buɗe!"

Da ya kama bakinsa, wallahi da faifan nan ya mutu a akwati.

Washegari Husseina ta kwance mayafin. Ta ɗora tsohon shirin a injin da Masta yake zama, suna kawai ta canza. Masta ya zauna, ya buga, ya yi kuskure, injin ya yi tsohuwar ƙarar nan: "Tajudeen, wannan kan ba na lissafi ba ne. A koma gindin tukunyar waakye."

Ya karanta, leɓensa na motsi. Ya ɗaga kai ya dube ta, sai a lokacin ya ga fuskar Amama a tata. Ba wanda ya yi dariya. Ɗalibarta Lamisi ce ma ta ce, "Sannu, Baba," don haka aka saba a ɗakin. Husseina kuwa zuciyarta fes, ko ɗigon tausayi ba ta ji ba.

Can, da ƙaramar murya, ya ce, "Madam, a wane layi kuskuren yake?"

"Wannan shirin ba ya faɗa, Masta," in ji ta. "Wanda ya rubuta shi bai koya masa ba."