Malama Naja'atu, Wadda Ta Zauna a Kan Bokitin Wake

Ranar da mijina Malam Isiyaku ya rasu, Malama Naja'atu ce ta kawo mini hularsa. Ina wanke-wanke ta yi sallama. Na ga ƙasa a gwiwar zanenta, na ga hular a hannunta. Ta ce, "Saratu, zauna tukuna." Ban zauna ba. Ta ce suna gonarsa ta bayan Hanwa suna kafa turaku inda za a shuka waken gwaji, ya ce kansa yana juyawa, ya zauna a gindin ɗorawa. Kafin a kai shi asibiti Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu na ji ta ajiye aiki, kuma na san ba wanda zai buga hotonta a jarida. To ni zan faɗi abin da na sani.

Mu 'yan layinsu a Tudun Wada mun saba da ƙarar ƙofarta. Da an idar da sallar asuba za ta fito da malafa a kan hijabi, ta tari mota zuwa gonar masu binciken noma. Na taɓa tambayarta dalilin wannan sammako, ta ce furen wake ba ya jiran mutum, rana na yin zafi yake rufewa. Aikinta shi ne ta tsuguna ta buɗe fure da ɗan hantsaki, ta shafa masa garin wani furen, ta ɗaura zare. Wannan wake yana 'ya'ya sosai, wancan ba ya tsoron wuta-wuta, ana neman wanda zai gado su duka biyu. Yawancin furen zubewa yake yi, sai ta sake. Malam yakan tsokane ta da mai ɗaura wa wake aure, ita kuma ta ce shi ba a ganinsa sai ranar walima.

Wuta-wuta, ciyawar nan da ke kama saiwar wake ta shanye shi, ita ta gama da gonarmu. Shi ya sa Malam ya yarda a gwada sabon iri a wurinsa. Malama ta kawo shi a ƙaramin buhu, an shafe shi da jan magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa. A gabana ta ce, "Wannan na ƙasa ne, ba na tukunya ba, ko an wanke shi." Malam ya rataye buhun sama a ɗakin ajiya, inda yara ba za su kai ba.

Ranar sadakar uku ina ɗaki, mata sun zagaye ni, ban san abin da ake yi a tsakar gida ba. Yayar Malam, Inna Tayyiba, ita ke riƙe da gidan. Tana da kirki, amma ba a mayar mata da magana. Waken ƙosan sadaka bai isa ba, wata ta hango buhun, aka juye shi a kan sauran, aka jiƙa, aka surfa, aka zuba a bokiti. Yaran unguwa sun taru a ƙofar gida suna jira. An hura wuta, wata maƙwabciya ta naɗa ganwo za ta kai inji.

A lokacin Malama ta zo gaisuwa. Tun daga zaure ta ga ruwa ja-ja yana bin kwata. Ba ta shigo wurina ba, ta wuce wurin bokitin. Daga ɗaki nake jin su.

"Inna, ina kuka samo wannan wake?"

"Na ƙanena ne, a ɗakinsa. Sai mun nemi izininki?"

"Iri ne, Inna. Da guba a jikinsa."

"Jan nan? Mun wanke shi tas, har ɓawon mun fitar. Dubi, fari fat."

"Ya sha ruwa da maganin, ya shige ciki."

"Mu da muka tsufa muna ƙosai, yau 'yar boko za ta koya mana wake. Ke, ɗauki ki kai inji, rana tana yi."

Sai na leƙa ta labule. Malama ta rufe bokitin da murfi, ta zauna a kai, da hijabinta na zuwa gaisuwa.

Inna ta ce, "Tashi."

Ta ce, "Ki zage ni yau, Inna, ki ƙara gobe, ni 'yarki ce. Amma wannan wake ba zai fita gidan nan ba."

Mata suka fara gunaguni. Wata ta ce ba a taɓa hana mamaci sadakarsa ba. Wata ta ce a kira maza su ɗaga ta. Malama ba ta motsa ba. Inna ta juyo wajen ɗakina ta ce, "Ga mai gidan nan a ciki. Ta faɗa mana in mijinta guba yake ajiyewa."

Mai sabon takaba ba ta ɗaga murya, balle a kan yayar miji. Amma ina jin hayaniyar yaran nan a waje. Na dafa bango na fito, na ce, "Inna, gaskiya ta faɗa. Malam da kansa ya rataye shi sama saboda yara."

Inna ta juya ta shige ɗaki. A bayan gida aka haƙa rami aka binne waken duka, mai maganin da marar maganin, aka jefar da turmin. Malama ta sa duk wadda ta taɓa shi ta wanke hannu da sabulu, ta je gidanta ta ɗauko waken da suke ci. Ƙosai bai fito ba sai bayan la'asar, kuma kowane yaro ya kwana lafiya.

Ke ce kika ɗauki zagin ranar nan ke kaɗai, Malama. Kuma a cikin ramin har da wahalarki ta shekaru. Ke ce kika zazzage buhun kika tsince abin da ya maƙale a ɗinki, bai cika tafin hannu ba. Ina cikin takaba kika je kika shuka shi a gonar Malam, tsakanin turakun da kuka kafa tare. Da kaka kika kawo mini tushe ɗaya da saiwarsa, babu wuta-wuta a jiki, sai 'yan ƙulle-ƙulle da kika ce su ke bar wa ƙasa taki. Da aka bi wurin da masara a shekara ta gaba, na ga amfanin takin da idona.

Inna Tayyiba ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Malama. Bara na yi ƙosai da jikokin wannan wake, na aika wa Inna. Ta aiko a gaya wa 'yar bokon nan wakenta ba laifi, gishiri ne ya yi kaɗan.

Yau idanun Malama sun gaji, ba ta ganin cikin fure sai da tabarau. Malama Naja'atu, mai ɗaura wa wake aure, na gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ji ƙan Malam. Ku masu shiga wannan aiki, kada ku miƙa wa manomi iri ku juya. Ku shiga har tsakar gida ku yi wa matansa bayani kamar yadda take yi. Mu kuma mata, jan wake ba ya wankuwa.

Malam ya bar tunkiya ɗaya. Kullum da safe, kafin in hura wuta, nakan yago harawar waken nan in zuba mata, in tsaya har ta cinye.