Kawu, Ga Duna Ka Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, bakwai ga wannan wata, Allah Ya karɓi ran Kawuna, kafinta, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Ya faɗi ne a shagonsa da hantsi, zarto na hannunsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kawu, jama'ar da suka zo gaisuwa kowa da abin da yake tunawa. Wata tsohuwa ta ce ƙofar ɗakinta kai ka gyara, da ta tambayi lada ka ce ta bari sai ƙofar ta haihu. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai dabam ne, kuma ba zan iya binne shi tare da kai ba.

Duna, baƙin karen da ke gadin shagonka, ɗan kwikwiyo ka tsince shi cikin tarin katako. Tare kuka tsufa. A bana ya fara zubar da yawu mai jini, yana juya wa ƙashi baya. Da muka kai shi wurin likitan dabbobi, ta buɗe bakinsa ta nuna mana wani ƙari a dasashi. Ta ce hanya biyu ce: ko a yanke wani ɓangare na muƙamuƙinsa, ko a riƙa ba shi maganin rage zafi har kwanansa ya ƙare. Ba ta ɓoye mana ba cewa ko an yanke, ƙarin yana iya dawowa.

Ka shafa kansa ka ce, "Ɗana, tsohon katako ba ya son ƙusa. A bar shi ya huta."

Ni kuwa, da ɗan karatuna, na ce, "Haba Kawu, zamani ya wuce nan. Ana da magani a zauna kallo?" A gaban likita na faɗa, har ta sunkuyar da kai. Ka yi murmushi kawai ka ce, "To, Malam Boko ya yi magana."

Aka yi aikin. Na koma bakin aikina, na bar ka da jinya. Duna ya kasa ci da kansa. Inna, matarka, ta ce kullum kana tsugune cikin garin katako, kana niƙa masa nama, kana ɗura masa da cokali kamar jariri. Ranar da ya kamata ka koma a duba hawan jininka, ka ce wa zai ba shi abinci. Aka ɗaga ranar, aka sake ɗagawa. Duk lokacin da na kira, lafiyar kare nake tambaya, don in ji cewa shawarata ta yi. Ban taɓa cewa, "Kai fa, Kawu?" ba. Kai ma ba ka taɓa ce mini ga abin da na jawo maka ba.

Na san ajali ba ya jiran shawarar kowa. Malamai sun faɗa mini, Inna ma ta faɗa. Amma sanin bai sauke mini nauyin ba.

Jiya na mayar da Duna wurin likitar, don jinin ya dawo. Ta duba, ta ce ƙarin ya sake tsirowa, me muka yanke? Na waiwaya inda ka tsaya wancan karon. Sannan na ce ta ba mu maganin rage zafi. Yanzu ni ke tsugunawa a ƙofar shagonka da cokalin. Yana ci kaɗan, yana kallon hanya.

Kawu, ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya sa tausayin da ka nuna wa dabba marar baki ya zama haske a kabarinka. Allah Ya ba Inna da ƙannena da abokan sana'arka haƙurin wannan rashi. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.