Ɗan da Ya Yi Yamma

A unguwar Ard al-Liwa da ke Alƙahira na yi wayo, a ɗaki biyu da muke haya bayan mun baro Sudan. Idan sanyin Alƙahira ya shigo, kakarmu Hawwa takan hau rufin bene bayan Magariba, ta hura gawayi a kurfoti, ta ɗora shayi. Ni da yayana Usman sai mu raɓe ta cikin bargo ɗaya. Habboba muke kiranta, yadda ake kiran kaka a Sudan, amma da Hausa kaɗai take mana tatsuniya. A ƙasa 'yan tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, na ta hon, ita kuwa ba ta ɗaga murya.

Akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi da gatanan gatananku. Takan ce, "Wannan babu Gizo a ciki, ku gyara zama."

Wata mata ce a ƙasar Katsina, tana da 'ya'ya biyu maza. Babban ya bi ayarin mahajjata ya yi gabas da ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna. Daga shi muka fito. Ƙaramin, Tanko, mahara suka kama shi a gona, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu. Wani falke ya ce ya gan shi ɗaure a bakin teku tare da wasu bayi, ana loda su a jirgin da ke zuwa ƙasar da yanzu ake kira Amurka. Uwar ta ƙare rayuwarta a ƙofar gida tana kallon yamma, har idonta ya mutu.

Kullum sai Usman ya tambaya ko Tanko ya dawo. Sai ta tona wuta ta ce, "Ban sani ba, ɗan nan. Wadda ta ba ni labarin ma ba ta sani ba." Daga nan ta sauke shayi.

Mun girma muna jiran a kai mu wata ƙasa, kamar yawancin maƙwabtanmu. Ƙarshe Usman da matarsa aka ɗauka zuwa Amurka, mu aka ce mu dakata. Yanzu babbar mota yake ja. A waya yakan ba ni labarin yadda kowa a can zuwa ya yi: waɗanda yunwa ta koro daga Turai, baƙaƙen da aka kawo cikin sarƙa, waɗanda jikokinsu suka bar gonakin auduga na kudu suka cika biranen arewa, sai mu a baya-bayan nan. Ya ce yakan kalli fuskar baƙin mutum a gidan mai, yana neman irin hancinmu.

Yana shirin ɗauko mu aka rufe wa 'yan Sudan ƙofa. Habboba ta kwanta ciwo, shi kuma takardunsa ba su kai ya fita ya dawo ba. Ranar da muka binne ta, ni na riƙe waya a bakin kabari, yana kallo daga cikin motarsa a gefen titi. Da aka fara zuba ƙasa ya ce, "Zuba mini hannu ɗaya." Na zuba.

Da can na ɗauka labarin wanda aka tafi da shi take ba mu. Sai yanzu na gane namu ne, mu da aka bari. Babban ɗan da ya yi gabas ma bai sake ganin uwarsa ba, alhali shi ba a ɗaure shi ba.