Yadda Mai Dalma Ya Karanta Allon Gwajin Ido

Mai Dalma ake ce masa, domin tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne: jera haruffan dalma a wata tsohuwar maɗaba'a da ke bayan kasuwa. Harafin da za a buga a takarda dole ne a ƙera shi a baibai, kamar na hatimi, don in ya sha tawada ya danni takarda ya fito daidai. Saboda haka mai wannan sana'a yakan tsufa yana karanta abin da sauran jama'a ba sa iya karantawa sai da madubi. Ko da kwamfuta ta ƙwace yawancin aikin, mai maɗaba'ar bai sallame shi ba, don har yanzu akwai masu son katin da yatsa ke jin shatin rubutunsa.

Mutum ne mai tsare amana, mai zuwa aiki da wuri. Aibinsa guda, alfahari da idonsa. In abokinsa ya shimfiɗa jarida a tebur, shi yana ɗaya gefen, sai ya riga shi kaiwa ƙarshen shafi, ya kuma gaya masa yadda labarin ya ƙare. Masu tabarau kuwa kallon tausayi yake musu. Hujjarsa ita ce, idon da ke tsinto waƙafi a cikin akwatin haruffa ba ya neman taimakon kowa. Hujjar tana da rauni. Ganin kusa daban, ganin nesa daban, kuma ba a cikin akwati ake tuƙa babur ba.

Babur ɗin nan shi ne 'yancinsa. Da shi yake zuwa aiki, da shi yake zaga abokai. Amma wata safiya ya tsaya a ƙofar shagon tela ya yi wa mutum-mutumin da ake rataya wa riga doguwar gaisuwa, ya koma gida yana ƙorafin cewa mutanen yanzu ba su da tarbiyya. Ba a jima ba ya kutsa da babur cikin tulin yashin magina, yana zaton inuwa ce. Bai ji ciwo ba, sai dai ya dawo da yashi har cikin kunne. Ranar matarsa ta zare makullin ta ɓoye.

"Malam, ba za ka sake hawa ba sai likitan ido ya ce ka hau."

"Ke, yashin ne aka zuba a inda bai kamata ba."

"To, mu je likita ya rubuta wa yashin magani."

'Yarsu ta fari ce ta kai shi asibiti, a motar haya, yana ta cika yana batsewa. Da aka kira shi, ta tsaya a baranda tana amsa waya, ya shiga shi kaɗai.

Ɗakin gwajin ƙarami ne ƙwarai, alhali gwajin na bukatar tazara mai tsawo. Dabarar da aka yi ita ce, an kafa allon, wani akwati mai fitila a ciki, a bangon da ke bayan kujerar majiyyaci, aka buga haruffansa a baibai, sannan aka rataya madubi a bangon da ke gaba. Mai zama ya kalli madubi, haruffa su miƙe masa, nisa kuma ya ninku. Nas ɗin da ke aikin ta saba da wannan har ta manta abu ne da ake bayyanawa. Ta kunna fitilar allon, ta miƙa masa wani faifan roba.

"Baba, rufe idon hagu da wannan, ka karanta mini daga sama zuwa ƙasa."

Ta juya baya tana goge gilasan gwaji a bakin famfo, don ta haddace allon.

Mai Dalma ya dubi madubin, ya ga hazo mai haske, ya yanke hukuncin cewa an sa shi ne don mata su gyara ɗankwali. Ya waiga. Ga allo a bayansa, kusa da shi kamar ya miƙa hannu, kuma ga haruffa a baibai, yadda duk harafi mai mutunci yake kafin ya sadu da takarda. Ransa ya yi fari. Kujerar mai juyawa ce. Ya juya ta, ya gyara murya, ya karanto babban harafin sama, ya gangaro layi bayan layi har zuwa 'yan mitsi-mitsin ƙasa, bai yi tuntuɓe ba. Ta ce ya sauya ido. Ya sauya, ya maimaita. Sannan ya juyo da kujerar ya harɗe hannuwa.

Nas ta waigo baki buɗe. "Baba, wallahi idonka ya fi nawa! Wa ya ce a kawo ka?"

"Mutanen gida, 'yar nan. Ba su da aikin yi."

"A shekarunka, layin ƙasa, a cikin madubi? Ai sai dai in ce ka tafi abinka."

A nan ya kamata a auna al'amarin da kyau. Zuwa wannan lokaci bai yi ha'inci ba, domin ha'inci sai da niyya, shi kuwa bai san akwai ƙa'idar da ya karya ba. Amma da kalmar madubi ta shiga kunnensa, ya fahimci komai. Babu wanda ya gan shi. Shiru kawai zai yi, makulli ya dawo aljihunsa kafin la'asar. Mai son yabonsa zai ce gaskiya ce ta buɗe masa baki. Ba ita ba ce. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce madubi ne ya taimake shi.

"Wane madubi? Ni da nake karanta baibai tun ba a haifi babanki ba? Kai tsaye na karanta shi, daga nan!" Ya juya kujerar ya nuna mata, hancinsa na neman taɓa allon.

Nas ta dafa bango tana dariya har da hawaye. 'Yarsa ta leƙo, aka ba ta labari, ta ce, "Baba, da bakinka?"

Aka sake gwajin yadda ya dace, nas na riƙe da kujerar da gwiwa. Ya gane babban harafin sama, na biyu ya yi ta lalube, na uku ya ce tawadarsu ce ba ta da kyau. Ta ɗora masa wani ƙarfe mai nauyi a hanci, ta riƙa zura gilasai tana cirewa. Can ta zura wanda ya dace. Haruffan cikin madubin sun tsaya cak, kowanne da gefensa mai kaifi. Ya karanta su a hankali har kusa da ƙasa, ya ce aikin bugun ba laifi.

Likita ya duba shi ya yanke magana: babur da rana, da tabarau a fuska, ba a aljihu ba.

Da tabarau ɗin ya iso, Mai Dalma ya ajiye shi a kan rediyo ya miƙa wa matarsa hannu.

"Makullina."

"Yana gidan nan, Malam, a fili, ba a ƙarƙashin komai ba. Daga inda kake zaune ana ganinsa."

Ya ƙanƙance ido ya bi bango da kallo, ya bi labule, ya bi saman kabad. Ya daɗe a haka, ita kuwa tana ninke wanki ba ta ko ɗaga kai ba. Daga ƙarshe ya ja tsaki, ya ɗauki tabarau ya maƙala. Ga makulli can rataye a ƙusa, a jikin ƙofar da yake fuskanta.

"Da gangan na ƙyale shi," in ji shi, ya tashi ya zare, ya fita yana gyara zaman gilashin a hanci.