Tantabarar Hasiya Mai Kunya

Da na dawo Filinge daga karatu a ƙasar sanyi, na ɗauka akwai abubuwan da ba za su taɓa yiwuwa a garinmu ba. Adon gato, wato kek, na kwaɓin sukari yana cikinsu. Can inda na zauna, masu yinsa suna da ɗaki na musamman mai na'urar tsotse laima. Sai ga ni a wani biki, gaban wani gato mai hawa biyu, a samansa fararen tantabaru biyu tsaye ƙyam, ɗaya ta cusa kanta ƙarƙashin fiffiken ɗaya. Na tambaya ko daga Yamai aka kawo shi. Aka yi mini dariya, aka ce aikin Hasiya ne, matar Magagi mai gyaran moto.

A wani ƙauye na Kurfai aka haifi Hasiya, kuma kakanta Baushe ne ya raine ta. Tana budurwa ta zauna wajen gwaggonta a Yamai, inda ta koyi gasa gato cikin tukunya mai rairayi a ƙasa da garwashi a kan murfi. Adon sukari kuwa a waya ta gani, ta yi ta ɓata sukarin Magagi har hannunta ya faɗa. Da tsufa ya kama Baushe, ta ɗauko shi ya dawo gidanta. Sharaɗinsa ɗaya ne: a yi masa bukka a bayan gida don iskokinsa, domin shi bai bar al'adar kakanni ba. Hasiya tana sallarta, shi yana turarensa, suna tsokanar juna irin ta kaka da jika. Yana ce mata amaryata, tana ce masa angon da ba haƙora.

Da rani aikinta ba wuya. Ta murza fure da safe, kafin azahar ya ƙandare. Damina ce abokiyar gabarta, kuma a tsakiyar damina Hajiya Balkisa ta zo neman gaton auren ɗiyarta Najiba. Hajiya ta so a kawo daga Yamai, Najiba ce ta nace sai Hasiya. Hajiya tana fita daga gidan ta juyo ta ce, "Dangin ango daga Bonkuku za su zo. In kika kunyata ni, ko na ranar suna ba mai sake ba ki a garin nan."

Hasiya ta ƙera tantabaru biyu, suka kwana, da safe wuyansu ya langaɓe kamar na kazar da ta sha ruwan sama. Ta kai wasu firigon maƙwabta, wato firiji, da aka fito da su suka yi ta zufa. Ta kunna musu fanka, kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Ta daka ƙaro, ta tankaɗe shi lukwi, ta haɗa cikin kwaɓin, ya ƙara ƙarfi, amma har yanzu yana neman busasshen wuri mai ɗumi. Kuma wurin da 'ya'yanta ba za su lasa ba, domin duk furen da ta ajiye a ɗaki sai ta tarar da shi ya rasa ganye.

Wuri ɗaya ne a gidan ya cika sharuɗɗan nan. A bukkar Baushe kaskon turare ba ya mutuwa, ƙasanta a bushe take ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma ba yaron da ke kusantar ƙofarta. Da tsohon ya tafi kasuwa, Hasiya ta yi bisimilla, ta shiga, ta ɗora tantabarun bisa faifai kusa da kaskon, ta fito da sauri.

Ranar biki da hantsi ta koma ɗauka, ta tarar da Baushe zaune bakin ƙofa.

"Ina za ki, amaryata?"

"Kayana zan ɗauka, Kaka."

"Wane kaya? Hwarin abu in ya shiga ɗakin ga, na masu ɗaki ne. Kin san haka tun kina ƙarama."

"Aro na ba su. Ka ce musu mai kaya ta zo."

Ya shiga, ya daɗe, ya fito da faifan. Tantabarun sun bushe ƙwarai, in ka ƙwanƙwasa da farce sai su yi ƙara kamar tangaran, ga ƙamshin turare. Sai dai ɗaya ba kai.

"Kaka, ina kanta?"

"Sun ɗanɗana. Haƙƙinsu ne."

"Su ne kuma suka zuba maka sukari a gemu?"

Ya shafa gemun, ya duba tafinsa. "Kusa da su nike zaune," ya ce.

"Tsoho ba haƙori, ka cinye kan tsuntsu sukutum!"

"Tsotsa aka yi, ɗiyar nan. Wa ya ce miki tauna aka yi?"

Ba lokacin ƙera wata, domin sabon kwaɓi ba zai bushe kafin la'asar ba. Hasiya ta zauna tana juya tantabarar a hannu, tana jin muryar Hajiya Balkisa a kunnenta. Sai ta lura an siɗe wuyan sumul, ba tsaga ko kaɗan. Ta jingina shi ƙarƙashin fiffiken ɗayar, ta liƙe da ruwan ƙaro, ta ɗora su bisa gaton ta ɗauka.

A gidan biki mata suka kewaye tebur, Hajiya Balkisa ta sunkuya tana neman kan tantabarar. Hasiya ta ce a ranta ta ƙare. Sai wata tsohuwa daga dangin ango ta rangaɗa guɗa.

"Ku dubi amarya! Ta ɓoye fuska jikin mijinta. Kai, wagga ɗiya ta san kunya!"

Aka ɗauka da shewa. Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce ai ita ce ta ce a yi haka. Hasiya ba ta musa ba.

Tun daga ranar, daga Damana har Baleyara, wadda duk za ta aurar da ɗiya tantabara mai kunya take so. Na sami Hasiya a tsakar gidanta tana murza fiffike, Baushe yana gyangyaɗi a inuwa, ko kuwa yana yin kamar yana yi. Na tambaye ta ko yanzu tana ƙera ɗayar ba kai tun farko, don ta huta.

"Na gwada," ta ce. "Da wuƙa wuyan tsagewa yake, da hannu kuma ba ya yin sumul. Cikakkiya nake yin ta, da kai da komai, in kai bukka. Ba wanda ya iya cire shi kamar masu ɗakin."