Shafi Shida na 'Yar Bagega

Ni mutuniyar Gummi ce, aikin koyarwa ya kawo ni Anka, kuma tun zuwana ake cewa ina da baki. Ban taɓa musawa ba. Duk dogon hutu, lokacin da gero ya kai gwiwa, nakan tara yaran da suka samu gurbin shiga jami'a a wani aji da ake ba ni aro. Ina koya musu abin da babu wanda ya koya mini: yadda ake cin babi mai shafi arba'in cikin kwana biyu, da yadda mutum zai faɗi ra'ayinsa a rubuce ya kafa masa hujja. Na san zafin abin. Shekarata ta farko a jami'a kuka na sha, don in aka ce in yi sharhi sai in kwafe littafin tsaf in miƙa, ina ganin na yi ladabi.

Wata shekara aka samu wata yarinya daga Bagega a ajin, siririya, ba ta magana sai an tambaye ta. Tana ƙarama gubar dalma ta shiga garinsu, zamanin da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida yara na wasa a wurin. Ita ta sha magani ta tashi. Ƙannenta biyu ba su tashi ba. Kowa ya san wannan labari, kuma da shi ake kallonta.

Na raba musu babi guda na Turanci mai shafi arba'in da na buga daga wani tsohon littafina, na ce nan da mako kowa ya kawo mini shafi ɗaya a kan abin da marubucin yake nufi. Mako ya cika, kowa ya kawo nasa, mai kyau da marar kyau. Ita ta zo hannu rabbana. Ta ce tana shafi na shida.

Malamin lissafi, mutumin Bukkuyum, shi ke riƙe da makullin ajin, kuma yana tsaye bakin ƙofa ya ji. Da yara suka fita ya ce mini, "Malama, ki bar wahal da kanki. Ɗiyan can dalma ta gama da kansu tun suna ƙanana. Ba laihinta ba na."

Da tausayi ya faɗa, kuma tausayin ne ya fi ƙona mini rai. Na tambaye shi ko shi ya auna kan nata, da wane ma'auni, a wace rana. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya ja ƙofarsa.

Washegari yarinyar ta same ni kafin kowa ya zo, riƙe da takardar shiga jami'a a ninke.

"Malama, ni ba ni tahiya. Mutane sun karanta arba'in, ni shida ɗai niy yi cikin mako guda. Na san abin da ad damuna. Na hwaɗa ma Inna a bar zancen."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ta karanta mini shafin shidan in ji inda ta tsaya. Ba ta buɗe takardun ba. Ta harɗe hannu, ta sunkuyar da kai, ta fara daga shafi na ɗaya da ka, jikinta na ɗan rausaya gaba da baya. Na bi ta da yatsa a kan nawa. Shafi shida cur na Turancin manya, har da ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi, ba ta zubar da kalma ko ɗaya ba.

Sai na gane. A makarantar allo ba a wanke allo sai an hardace abin da ke kai an biya wa malam, sannan a ƙara sabo. Haka ta ɗauki littafin jami'a. Ba ta ga tana da izinin juya shafi ba sai ta haddace na bayansa. A sakandare dabarar ta fisshe ta, don abin da ake rubuta musu a allon aji bai taka kara ya karya ba. Takardun da na ba ta kuwa suna cikin leda fes, ko ɗigon biro babu.

Ba na raina allo, shi ya raine ni, kuma Alƙur'ani haka ya cancanta a riƙe shi. Amma na ce mata wannan babin mai cin tuwo irinmu ne ya rubuta shi, yana daidai yana kuskure. Na miƙa mata jan birona. Na ce ta duba kanun, ta karanta farko da ƙarshe, ta tsallake abin da ya maimaita, duk inda ya yi babbar magana ta rubuta a gefe: ina hujja?

"Littahin mutane na, Malama," ta ce, biron na tsaye a sama.

"Ni na buga shi, ɗiyata. Ɓata shi."

Layin farko da ta ja a karkace ya fito. Cikin kwana uku ta gama babin. Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni, na tsaya gaban aji, da ƙarfi yadda mai makulli zai ji daga waje, na ce dalma ba ta yi wa yarinyar nan komai ba. Na maimaita har sau biyu.

Aikin ƙarshe da nake ba su kowace shekara shi ne kowa ya ɗauki wata magana da ya ji daga bakin na gaba da shi, ya auna ta a rubuce. Ita ta kawo shafi biyu. Na farko a kan maganar malamin lissafi ne, ashe ta kai kunnenta. Ta bi ta a hankali ta nuna ba ta da tushe. Ina karantawa ina gyaɗa kai, ina cewa a raina wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Shafi na biyu a kaina ne. Ta rubuta cewa Malama ta ce dalma ba ta yi mata komai ba, alhali ita ma ba ta auna ba. Abin da Malama ta gani hadda ce, kuma hadda ba ta isa hujja a kan dukan lafiyar mutum ba. Ta ce tana yawan ciwon kai, ba ta san ko dalma ce ba, kuma Malama ma ba ta sani ba. Ta ce wadda ta rasa ƙanne biyu ba za a ce ba a yi mata komai ba. Ta rufe da cewa mutum biyu sun yanke hukunci a kan kanta ba wanda ya tambaye ta, don haka za ta je jami'ar ta gano da kanta.

Fushi na fara ji, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki jan biro na shiga farautar kuskure, na samu uku, duk ƙanana. Bayan nan sai kunya ta rufe ni, don babu layi ɗaya da zan iya rubuta ina hujja a gefensa.

Ta tafi jami'a da damina ta ja baya. Takardar da ta rubuta ɗin tana hannuna, ta yarda in riƙe. Duk shekara da ita nake buɗe aji, kuma malamin lissafi ya taɓa ba ni shawara in riƙa tsayawa a shafin farko ko don girmana. Na ce masa ya zo ya zauna a baya, shafi biyun zan karanta.